Bakolori Da Alƙalamin Ɗan Boko



An nemi mu yi jawabi a kan halin ɗan Adam da ƙarfin zuciya. To, mu da muka fito daga ƙasar Talata Mafara ba sai mun yi nisa wajen neman misali ba, domin Bakolori ta ishe mu.

A shekarar 1974 ne aka soma datse Gulbin Sakkwato a Bakolori, aka kammala a 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Manufa dai mai kyau ce, wato a sami ruwan noman rani. Amma ruwan da aka tare ya cinye gonaki da ƙauyuka a ƙasar Maradun, aka kwashe dubban mutane zuwa sabon matsuguni. A wajajen Mafara da Bakura kuwa, manyan motoci suka baje gonaki don a haƙa hanyoyin ruwa, damina ta zo ta wuce wasu ba su yi shuka ba. Diyyar da aka yi alkawari, wani ya sami kaɗan, wani aka yi ta ce masa gobe.

Da tura ta kai bango, sai manoma suka tare hanyoyi suka tsayar da aiki. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin da yankin yake cikin Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka ƙone gidaje a Birnin Tudu da maƙwabtanta. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, wasu suka ce sun haura ɗari uku. Allah ya jiƙansu.

'Yan'uwa, babu ɗalibi a cikinmu da aka haifa a lokacin, amma kada mu ce babu ruwanmu. Kafin harsashi ya fita, takarda ce ta fara fita. Wa ya auna gonakin? Wa ya ƙidaya itatuwa? Wa ya rubuta sunayen masu karɓar diyya, wa kuma ya ajiye kukan manoma a cikin fayil? 'Yan boko ne irinmu, waɗanda aka ilmantar da harajin waɗannan talakawa. Ba mu ce dukansu macuta ba ne. Sai dai ɓarna irin wannan ba ta girma sai masu gani sun yi shiru, kowa yana tsoron kujerarsa.

Manomin da ya tsaya a kan hanya ya san abin da zai iya samunsa, amma ya tsaya. Mu abin da ake nema a gare mu bai kai wannan ba: ma'aikaci ya ƙi sa hannu a kan lissafin ƙarya, ya gaya wa maigidansa cikin ladabi cewa, ranka ya daɗe, akwai haƙƙin mutane a nan.

Gobe mu ne akawuna da injiniyoyi a Gusau da Abuja, kuma ba a daina karɓar gonaki don ayyukan gwamnati ba. An ce hali zanen dutse ne, tun a nan makaranta ake sassaƙa shi. Ranar da fayil ɗin wani ƙauye ya iso teburinmu, mu tuna da Birnin Tudu kafin mu ɗauki alƙalami.