A FARA DA BUHUN TAKI: Jawabi ga Matasa Masu Koyar da Manya Turanci a Mahuta

Bayan sallama da salati, Malamin ya ce wa 'yan uwa matasa masu ajin dare a Mahuta, ƙaramar hukumar Ƙafur, su daina ɗora wa magidanta littafin 'yan firamare. Dattijo mai iyali ba zai zauna yana maimaita labarin kyanwa da ƙwallo ba. Sati biyu zai yi ya gudu.

Ya ce littafinsu na farko yana cikin rumbunsu: buhun taki da kwalbar maganin feshi da suka sayo a Funtua ko Malumfashi. Manomi ya fahimci cewa 15-15-15 a buhun NPK kason sinadarai uku ne cikin ɗari, yuriya kuwa 46 take ɗauke da shi na sinadarin da ke sa masara kore. Kalmomi biyar sun isa a dare guda, irin su "poison", "dilute" da "expiry date", domin wanda bai gane su ba zai ƙona gonarsa, ko ya cutar da yaron da ke feshin.

Malam ya ƙara da cewa furta kalma daban, fahimta daban. Idan mutum ya karanta, a rufe takardar a tambaye shi da Hausa: murfi nawa za ka zuba a tanki? Wanda ya iya ajami kuma, a bar shi ya rubuta ma'ana da shi.

Ya gargaɗi matasan kada su yi wa sa'an mahaifinsu dariya, kuma gyara a yi shi a keɓe.