Kamun Kifi a Tafkin Tiga: Lokacin Su da Lokacin Hutu



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba sha'anin kamun kifi a manyan tafkunan kudancin Jihar Kano, musamman na Tiga, a kuma nuna cewa kifi yana da lokacinsa kamar yadda gero da dawa suke da nasu. Tafkin da ba a ba shi hutu, komai girmansa, wata rana zai gaza ciyar da masunci, balle ya jawo baƙon da ya zo da fatsa don nishaɗi.

Asalin tafkin

Kogin Kano ya taso ne daga duwatsun da ke kudancin jihar, ya ratsa ƙasar Doguwa da dajin Falgore da ƙasar Tudun Wada, kafin ya gangaro arewa. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka datse shi a Tiga, cikin ƙasar Bebeji, tsakanin 1971 da 1974. Tsawon ganuwar madatsar ya kai kimanin kilomita 6, ruwan da ta tare kuwa yakan rufe wajen murabba'in kilomita 178 in ya cika. Kusa da nan akwai ƙaramin tafkin Bagauda, sa'an nan a 1992 aka kammala madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye, maƙwabciyar Ƙiru.

Ba don kifi aka yi waɗannan ayyuka ba. Nufin hukuma shi ne noman rani a Kadawa da Kura, da ruwan sha ga birnin Kano. An kuma yi tunanin yawon buɗe ido, shi ya sa aka gina masaukin baƙi a kan dutse a Tiga, aka gina wani a bakin Bagauda, wanda daga baya ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Amma da ruwa ya tsaya, sai kifi ya hayayyafa, masunta suka yi ta zuwa daga wurare dabam-dabam, manoman yankin su ma da yawa suka koyi tuƙa kwale-kwale. Watau sana'a ta kafu a inda ba a shirya mata ba, kuma wannan shi ne tushen matsalar.

Yadda kifi yake bin shekara

Kifayen da aka fi sani a ruwayen ƙasar Hausa sun haɗa da tarwaɗa, da ƙarfasa, da ragon ruwa, da ƙurungu, da kawara, da giwan ruwa. Rayuwarsu duka tana bin juyin damina da rani.

Da saukar damina, tun daga wajen watan Yuni, kogi yakan kawo sabon ruwa, tafki ya hau ya rufe ciyayin da suka tsiro a gaɓa. Wannan ne ke motsa tarwaɗa. Takan bar zurfi ta nufi ruwa marar zurfi, galibi da dare bayan an yi ruwa mai yawa, ta zuba ƙwai, ƙwan ya manne a jikin ciyawa, ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Ita kuwa ƙarfasa, namijin ne yake share ɗan rami a ƙasan ruwa kusa da gaɓa. A wasu irinta, uwar takan kwashe ƙwan ta riƙe a baki har 'ya'yan su fara iyo, kuma duk tsawon wannan lokaci ba ta cin abinci sosai. Saboda haka wanda ya kama ƙarfasa ɗaya da ƙwai a baki ba kifi ɗaya ya kama ba, ɗaruruwa ya hallaka. Abin takaici shi ne a daidai wannan lokaci kifi ya fi sauƙin kamuwa, gama ya taru wuri ɗaya, ya kuma rage tsoro.

Da kaka ruwa ya cika, ƙananan kifi suna fakewa cikin ciyawa suna girma. Da hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Janairu, ruwa yakan yi sanyi, kifi ya rage cin abinci, ƙarfasa ta ja da baya daga gaɓa. Masu fatsa sun san wannan, domin sai rana ta take kafin a sami abin kirki. Da bazara kuwa an saki ruwa mai yawa zuwa gonakin rani, zafin rana ya ƙafar da wani, tafki ya ja, kifi ya matsu. Nan ne lokacin su na ainihi, lokacin da kamu yake da albarka ba tare da an taɓa iri ba.

Abin da waɗansu ƙasashe suka yi

A Amurka kamun kifi a tafki don nishaɗi babban al'amari ne. Kifayen da suka fi nema su ne wanda suke kira bas, da turawut, da danginsu na tarwaɗa. Turawut kifin ruwan sanyi ne, ana nemansa a watannin da ruwa bai ɗumama ba, bas yana matsowa gaɓa lokacin da zai yi sheƙa bayan sanyi ya wuce, tarwaɗarsu kuwa ta fi cin ƙugiya da daren watannin zafi. Kowace jiha tana sayar da lasin, tana ƙayyade yawan kifin da mutum zai ɗauka a rana da tsawon da bai halatta a ɗauki ƙasa da shi ba. Tun 1950 kuma akwai dokar tarayya da ta sa harajin kayan fatsa ya koma wajen kula da ruwaye. A Ingila, an hana kama yawancin kifin kogi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni kowace shekara, don a bar shi ya yi ƙwai.

Abin koyi a nan shi ne tsarin, ba kifin ba. Turawut ba zai rayu cikin ɗumin ruwan Tiga ba. Kai baƙon kifi cikin ruwan da ba nasa ba ma yana da haɗari: giwan ruwa da aka zuba a tafkin Biktoriya na Afirka ta Gabas a shekarun 1950 ya cinye ire-iren ƙananan kifi masu yawa waɗanda babu su a ko'ina sai can.

Tsarin gargajiya

Kada a ɗauka cewa hutar da ruwa dabarar Turawa ce. A ƙasar Hausa, su aiki ne na rani. In kogi ya yanke ya bar gurabu, Sarkin Ruwa ne yake sa rana, jama'a su fito da koma da gora, kafin ranar kuwa ba mai shiga. Bikin Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, a kan wannan ƙa'ida ya tsaya: ana tsare Matan Fada ba a kamu, shi ya sa ranar biki ake fito da giwan ruwa ƙato.

Sai dai al'adar an gina ta ne a kan kogin da yake yankewa, da gurbin da kowa ya san mai shi. Tafkin madatsa ba ya ƙafewa, gaɓarsa ta ratsa garuruwa da yawa, masu kamu kuma ba 'yan gari ɗaya ba ne. Ga kuma kayan zamani: kalli na lailon mai ƙananan idanu, da taru da ake ja zuwa gaɓa yana share sheƙar ƙarfasa, da gidan sauro da waɗansu suke mayarwa koma. Mafi muni shi ne zuba guba irin gamalin, wadda take kashe babba da ƙarami, ta kuma cuci wanda ya ci.

Doka da aikin da ya rage

Ba rashin doka ke damun ruwayen nan ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta hana guba da nakiya, ta hana raga mai idanu ƙasa da milimita 76, watau inci 3, sai a waɗansu keɓaɓɓun halaye, ta kuma ba Kwamishinan jiha ikon rufe wani yanki ko wani lokaci. Abin da ya rage shi ne zartarwa, kuma abubuwa uku ne suka fi muhimmanci.

Na farko, a rufe bakin ruwa da mashigar rafuka a tsakiyar damina. Sa'a ɗaya da aka yi ita ce lokacin ƙwai ya zo daidai da lokacin noma, masunta da yawa kuwa manoma ne. Wanda ba shi da gona shi ne zai ji jiki, don haka dole a yi shawara da shi tun da wuri, a kuma bar masa zurfin tafki da ragar da doka ta yarda da ita.

Na biyu, a sa Sarakunan Ruwa da hakimai cikin aikin. Ma'aikacin gwamnati ɗaya ba zai iya tsare gaɓa mai wannan tsawo ba, amma masunci ya san wanda ya fita da dare. An gwada irin wannan haɗin kai a tafkin Kainji a shekarun 1990, lokacin da aka tashi hana jan taru.

Na uku, a kula da inda ruwan ya fito. Kowace bishiya da aka sare a Falgore, da kowace gona da aka share har bakin rafi a Doguwa ko Tudun Wada, tana ƙara laka cikin tafki, laka kuwa tana binne wurin ƙwai, tana rage ruwan da manomin Kura yake jira. Wannan aiki ya shafi Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, tare da ma'aikatun jiha da ƙananan hukumomi.

Ga ɗalibai kuma akwai aiki mai sauƙi amma mai daraja: zama a bakin ruwa da sikeli da ma'auni, a rubuta irin kifin da aka fito da shi, da tsawonsa, da watan da aka same shi da ƙwai. Da irin wannan lissafi ne kawai hukuma za ta iya sa ranar rufewa da ranar buɗewa wadda masunci zai yarda da ita. In an yi haka, mai sana'a zai sami kifin da ya kai kuɗi, mai fatsa daga birni ya sami dalilin zuwa Tiga ranar hutu, ya biya lasin, kuɗin ya koma wajen kula da tafkin. Manomi ba ya dafa irin da ya ajiye don baɗi, ko da ana yunwa. Ya kamata a yi wa tarwaɗa mai ƙwai irin wannan kallo.

Allah ya sa a dace.