Jijiya Mai Yawo da Neman Gargaɗin Farfaɗiya

 

Mai farfaɗiya ya fi tsoron rashin sanin lokacin faɗuwa a kan faɗuwar kanta. Mace tana gaban murhu, yaro yana bakin rijiya, magidanci yana kan babur, sai abin ya zo ba sallama. Da za a ba shi ko da daƙiƙa 30 ya ja da baya ya zauna, da an rage ƙuna da karaya da nutsewa masu yawa. Neman waɗannan daƙiƙu shi ne batun laccarmu ta yau.

Ƙwaƙwalwa da lantarki take aiki. A 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara auna wannan lantarki a jikin ɗan Adam. Farfaɗiya kuwa ita ce lokacin da ɗimbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka saki wuta tare, ba tsari. Na'urar Berger tana ganin haka, amma wa zai tafi kasuwa da wayoyi manne a kansa?

Sai masana suka juya ga wuya. Akwai wata jijiya, ta 10 cikin jijiyoyi 12 masu fitowa daga ƙwaƙwalwa, sunanta bagus, wato mai yawo a Latinanci, don tana ratsa maƙogwaro da zuciya da huhu har hanji. Kusan kashi 80 cikin ɗari na zarenta rahoto suke kai wa ƙwaƙwalwa. A shekarun 1980 Jacob Zabara ya nuna cewa ɗana mata 'yar wuta yana katse jijjiga a jikin karnuka. An fara dasa wa mutum na'urar da ke yin wannan aiki a 1988, Amurka ta amince da ita a 1997. Ana binne ta a ƙirji ta hagu, ta yi aiki daƙiƙa 30, ta huta minti 5, dare da rana, ko ciwon na tafe ko ba ya tafe. Ni dai ina kwatanta ta da mai gadin da ke busa usur kowane minti biyar ba tare da ya ga ɓarawo ba.

Nan wani binciken digirin digirgir ya shigo. A Jami'ar Aalborg ta Denmak an naɗa wa jijiyar ɓeraye 'yar waya, aka ba su sinadari mai tayar da jijjiga, aka zauna sauraro. Saƙonnin jijiyar sun sauya kafin jijjigar ta kankama. Ke nan wayar da ke ba da magani za ta iya zama kunne. Aikin da wuya: saƙon ƙanƙane ne ƙwarai, numfashi da motsin wuya suna rufe shi, kuma ɓera ba mutum ba ne. Abin da ya riga ya isa asibiti, a Amurka tun 2015, shi ne na'urar da ke lura da bugun zuciya, in ya yi tsalle ta saki wuta nan take.

Wannan duka domin kusan kashi ɗaya cikin uku ne na marasa lafiya, waɗanda magani bai riƙe su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa da ƙwayar da ta dace. A nan gida cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau da doguwar naƙuda suna cikin masu jawo ta, mu kuma mu ce iskoki ne, mu guji yawun mai ciwon, alhali ba a ɗauka.

Saboda haka ina roƙonku: in wani ya faɗi a gabanku, ku janye shi daga wuta da ruwa, ku juya shi gefe, kada ku cusa masa cokali a baki. Ku duba agogo. In ya wuce minti 5, a garzaya da shi asibiti.