Haƙƙinmu Idan An Ɗauke Mu Hoto A Bakin Sana'a



Yawancinmu a fili muke neman abinci: mai suya, mai shayi, mai albasa a Mile 12. Sai wani ya ɗaga waya ya ɗauke mu hoto, gobe a gan shi a Facebook ana yi mana ba'a.

Mu sani, ɗaukar hoto a titi ko kasuwa ba laifi ba ne a karan kansa. Amma sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin kowane ɗan ƙasa, ba ɗan asalin jiha kaɗai ba. A dokar kare bayanan jama'a ta 2023, hoton da za a gane mutum yana cikin bayanansa. Kamfanin da ya sa fuskarmu a talla ba izini, muna iya kai ƙararsa hukumar NDPC ko Babbar Kotu. Wanda ya haɗa hoton da ƙazafi ya ɓata suna, kotu tana iya sa shi biyan diyya.

Roƙonmu shi ne, kada mu ƙwace waya ko mu fasa ta. Mai gaskiya zai koma mai laifi. Mun ga yadda gardama ta zama rikici a kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021.

Mu nemi a goge hoton cikin lalama, mu kafa shaidu, mu adana abin da aka yaɗa, sannan mu sanar da Sarkin Hausawa. Marar kuɗin lauya ya nufi ofishin Legal Aid Council.