Lokacin da Kwamfuta Ta Mayar da Masu Gaskiya Ɓarayi



A shekarar 1999 Hukumar Gidan Waya ta Birtaniya ta fara girka wata sabuwar manhajar lissafi mai suna Horizon a rassanta, wadda kamfanin ICL, mallakar Fujitsu na Japan, ya haɗa. Yawancin rassan nan ƙananan shaguna ne a ƙauyuka da unguwanni. Mutum zai zuba jarinsa ya sayi kanti, a gefe guda yana sayar da jarida da alewa, a ɗaya gefen yana biyan tsofaffi fansho, yana sayar da kan sarki, yana karɓar kuɗin jama'a a madadin hukuma. Wakilai ne masu kwantiragi, kuma yadda hukumar ta fassara kwantiragin shi ne duk giɓin da ya fito a lissafi, wakili ne zai cike shi daga aljihunsa.

Sai giɓi ya fara fitowa. Mutum ya ƙirga kuɗin akwatinsa daidai, kwamfuta ta ce saura fam dubu biyu. Ya sake ƙirgawa har tsakar dare, ba abin da ya sauya. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 a kotu da laifin sata, zamba ko maguɗin lissafi, kuma kusan 700 daga cikinsu hukumar ce da kanta ta shigar da ƙararsu, domin dokar Ingila da Wales ta ba ta damar yin haka. Ita ce mai kukan an sace mata kuɗi, ita ce mai bincike, ita ce mai gabatar da ƙara, kuma duk bayanan da wanda ake tuhuma zai kāre kansa da su suna hannunta.

Labarin mutum uku a cikinsu ya isa ya nuna abin da ke tsare mutuncin ma'aikaci da abin da ke zubar da shi.

Jo Hamilton tana riƙe da reshen ƙauyen South Warnborough a gundumar Hampshire. A ƙarshen 2003 ta ga giɓin kimanin fam 2,000, ta buga layin neman taimako na hukumar, ta bi umarnin da aka ba ta ɗaya bayan ɗaya, tana kallo giɓin ya ninka ya koma fam 4,000. Aka ce mata ita za ta biya. Ta jinginar da gidanta, ta ci bashi, tana cikewa giɓin yana ƙaruwa. Da kuɗi suka ƙare mata, tsoro ya kai ta ga abin da ya kai wasu da yawa: a ƙarshen kowane zagayen lissafi sai ta amince da adadin da kwamfuta ta ce ya kamata a samu a akwati, alhali ta san babu shi, don kawai ta iya buɗe shago washegari. Da masu bincike suka zo, suka tuhume ta da satar fam 36,000. Jami'in binciken hukumar ya rubuta a rahotonsa cewa bai ga shaidar sata ba, amma ba a nuna mata rahoton ba. Aka yi mata tayi: ta amsa laifin maguɗin lissafi, ta biya kuɗin, a janye tuhumar sata. Ta amsa, aka yanke mata hukunci a 2008. Mutanen ƙauyensu suka cika kotu suna shaidar halinta, alƙali bai tura ta kurkuku ba, amma ta fita da tambarin mai laifi wanda ta ɗauka shekara goma sha uku.

Babu mai adalcin da zai ɗora mata laifi. Matar da ke tsoron gidan yari, take tsoron abin da maƙwabta za su ce, ta yi abin da yawancin mutane za su yi. Sai dai tarkon a fili yake. Ba ta saci ko sisi ba, amma ranar da ta sa hannu a kan adadin da ta san ba gaskiya ba ne, ta miƙa wa masu zarginta laifi na gaske wanda a da ba su da shi. Kunya ce ta hana mutane da yawa faɗa wa ko da matansu ko mazajensu cewa lissafi ya ƙi daidaita, kuma wannan shirun ne daga baya aka kawo a kotu a matsayin alamar rashin gaskiya.

Lee Castleton na garin Bridlington ya bi wata hanyar. Giɓinsa ya kai kimanin fam 25,000 a 2004. Ya buga layin taimako sau 91, ya ce tangarɗar na'ura ce, ya ƙi biya. Hukumar ta kai shi Babbar Kotu a Landan. Ba shi da kuɗin lauya, shi ya tsaya wa kansa a gaban ƙwararrun lauyoyi, ba tare da cikakkun bayanan manhajar ba. Ya sha kaye a 2007, aka ɗora masa kuɗin shari'a fam 321,000, ya tsiyace. Gaskiya yake da ita, ƙarfin hali ma yana da shi. Abin da ya rasa shi ne shaidar da zai riƙe a hannunsa da kuma abokan tafiya.

Na ukun shi ne Alan Bates, mai reshen Craig-y-Don a Llandudno da ke arewacin Wales. Tun a 2000 ya ga giɓi, sai ya zauna ya bi takardunsa layi-layi har ya gano wasu cinikayyar da na'urar ta maimaita. Ya rubuta wa hukumar wasiƙa, ya ajiye kwafe. Ya ce ba zai ɗauki alhakin lissafin da ba a ba shi hanyar tantancewa ba, kuma ba zai sa hannu ba. A 2003 aka soke kwantiraginsa ba tare da an faɗi dalili ba, ya yi asarar jarin da ya tara. Amma ba a taɓa gurfanar da shi ba, don bai bar musu abin kamawa ba. Ya fita ba shago, amma ya fita da sunansa da tulin takardunsa.

Akwai wata magana da kusan duk waɗanda abin ya shafa suka ce an faɗa musu a waya ko a ɗakin bincike: kai kaɗai ne ke da wannan matsalar. Wannan jimla ta yi ɓarna fiye da kowace tangarɗar manhaja. Wanda ya yarda shi kaɗai ne, zai fara zargin ƙwaƙwalwarsa, sannan yaron shagonsa, sannan iyalinsa. Seema Misra ta West Byfleet ta ji irin wannan kafin a yanke mata ɗaurin wata 15 a 2010, tana da ciki, a ranar da ɗanta ya cika shekara goma. Wata jaridar yankin ta kira ta ɓarauniya mai ciki.

Abin da ya karya wannan ƙaryar haɗuwa ce. A Mayun 2009 mujallar Computer Weekly ta buga rahoton 'yar jarida Rebecca Thomson mai ɗauke da labarin wakilai bakwai, har da Bates da Hamilton da Castleton. A Nuwamban shekarar Bates ya kira taro a zauren ƙauyen Fenny Compton, mutanen da ba su san juna ba suka zauna, kowa ya ji labarinsa na fitowa daga bakin wani. Daga nan aka kafa ƙungiyar neman haƙƙinsu. Matsin lambar 'yan majalisa ya sa hukumar ta ɗauko masu binciken kuɗi na kamfanin Second Sight a 2012, da suka fara tono abin da ba a so aka sallame su a 2015. Daga bisani mutum 555 suka haɗa ƙara guda. A Disambar 2019 Mai Shari'a Peter Fraser ya yanke cewa Horizon tana da kurakurai masu haifar da giɓin ƙarya, kuma ma'aikatan Fujitsu na iya shiga lissafin reshe daga nesa su sauya shi, abin da hukumar ta daɗe tana musantawa.

Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ramin shekara ashirin aka yi ana tafiya a cikinsa, kuma wasu sun mutu ba su ga ƙarshensa ba. An sasanta ƙarar a kan kusan fam miliyan 58, mafi yawansu suka tafi wajen lauyoyi da waɗanda suka ɗauki nauyin shari'ar. A Afrilun 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke mutum 39 a rana guda, cikinsu da Hamilton da Misra. Sai da gidan talabijin na ITV ya nuna wasan kwaikwayo a kan lamarin a Janairun 2024 sannan fushin jama'a ya tashi, tsohuwar shugabar hukumar Paula Vennells ta mayar da lambar girmar da aka ba ta, majalisa kuma ta yi doka a Mayun 2024 da ta soke ɗaruruwan hukunce-hukuncen a lokaci guda. Kashin farko na rahoton kwamitin bincike na Sir Wyn Williams, wanda ya fito a Yulin 2025, ya ce akwai yiwuwar mutum aƙalla 13 sun kashe kansu saboda wannan bala'i.

Wani zai ce wannan labarin Turawa ne. To, a duba mai POS a bakin kasuwar Kwari ko Sabon Gari, da mai karɓar kuɗi a banki, da mai zuba mai a gidan mai, da mai kula da sito. Dukkansu amanarsu tana rataye da adadin da wata na'ura za ta fitar, na'urar da ba su da ikon leƙa cikinta. Ranar da adadin ya saɓa, maigida ko manaja zai fi saurin yarda da allon kwamfuta fiye da yaron da ya yi masa shekara goma ba a taɓa kama shi da ƙwandala ba. Abin takaici, a nan sau da yawa ba a ma kai ga kotu. 'Yan uwa ne za su taru su ce a rufa asiri, a haɗa kuɗi a biya, a rubuta takardar amsa laifi don maigida ya huce. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma takardar nan za ta bi mutum duk inda ya je neman aiki ko neman aure.

Ma'aikacin da ya ga giɓin da bai san asalinsa ba, ranar ce ya kamata ya kai rahoto, a rubuce, da kwanan wata, ya riƙe kwafensa a gida. Rasit da hoton allon na'ura da saƙon da ya aika wa shugabansa sun fi rantsuwa amfani a gaban kwamitin ladabtarwa. In aka kira shi ɗakin bincike, ya nemi a faɗa masa takamaiman abin da ake zarginsa da shi, a nuna masa bayanan da aka dogara da su, ya tafi da wakilin ƙungiyar ƙwadago ko lauya. Ya kuma tambayi abokan aikinsa na wasu rassa ko sun taɓa ganin irin haka. Ƙa'idar da kotunan shari'ar Musulunci suka san ta tun da daɗewa, cewa kawo hujja wajibin mai da'awa ne, ita ce hukumar gidan wayan nan ta juya, ta bar wanda ake zargi da neman hujjar da ke kulle a ofishin mai zarginsa.

A wannan fannin dokar Najeriya ta fi ta Ingila tsauri. A 1999 majalisar Birtaniya ta soke sashe na 69 na dokarta ta shaida a shari'ar laifuka ta 1984, wanda ya wajabta a nuna cewa kwamfuta na aiki daidai kafin a karɓi bayaninta. Tun daga nan kotunan Ingila ke ɗaukar na'ura a matsayin mai gaskiya har sai wanda ake tuhuma ya nuna akasin haka, kuma sai a Janairun 2025 ma'aikatar shari'ar ƙasar ta nemi jin ra'ayin masana kan sake duba wannan matsayi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 kuwa ya ce wanda ya kawo bayanin kwamfuta a kotu sai ya nuna cewa na'urar tana aiki yadda ya kamata a lokacin da ake magana a kai, ko kuma matsalar da ta samu ba ta shafi ingancin bayanin ba. Lauyan duk ma'aikacin da aka kawo wa takardar da na'ura ta buga a matsayin shaidar sata yana da damar tsayawa a kan wannan sashe kafin a ci gaba da magana.