Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yaro da Zaman Fo

Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai kitso ta ci gaba da kitsonta, sai dai a ɗan ƙara wa rediyon murya, domin zancen yau na kowace mai ɗa ne.

Wata baiwar Allah daga nan Kano ta ba maigidanta wasiƙa ya kawo mana, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Ta ce saura mako 4 a yi bikin ƙanwar mijinta a Maiduguri, kuma da ita za a je, za su kwana 10 a gidan surukanta. Ɗanta yana da shekara 2 da wata 2, har yanzu famfas take sa masa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, facalarta ta sha yi mata gori cewa nata ɗan tun yana shekara ɗaya da rabi ya daina ɓata wando. Don haka ta ɗaura ɗamarar sai yaron nan ya iya zaman fo kafin ranar tafiya. Ta yi lallashi, ta yi tsawa, har ta kai ga duka. Yanzu yaro da ya hango fo sai ya tsala ihu, ya koma laɓewa bayan ƙofa, kuma kwana 3 ke nan bai yi kashi ba. Tana tambaya, wai ya za ta yi?

To 'yar uwa, sannu da ƙoƙari. Amma abu na farko, don Allah a ajiye bulalar nan daga yau. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ke ranar biki kike ƙirgawa, shi kuwa cikin yaro bai san da wani biki ba.

Kada ki ɗauka ke kaɗai ce a wannan hali. Har a Amurka da Turai iyaye mata na shiga irinsa, musamman idan iyali za su tafi hutu a manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, masu ɗakunan kwana da wurin wanka a ciki. Da yawa daga kamfanonin jiragen ba sa barin yaro mai famfas ya shiga tafkin ninƙaya, saboda gudun kashi ya gurɓata ruwan, kuma ɗakin wasan yara na 'yan shekara 3 zuwa sama sai wanda ya iya kai kansa banɗaki ake karɓa. Sai ki ga uwa ta tasa ɗanta gaba tana ƙirga kwanaki, kamar dai yadda kike yi. Su jirgi ne ya sa musu wa'adi, mu kuma bakin dangi. Amma yaron can da na nan halittarsu ɗaya ce.

Bari mu fara da kwana 3 ɗin nan da bai yi kashi ba, don ya fi bikin muhimmanci. Idan yaro ya tsorata ya riƙe kashi, hanji yana ci gaba da tsotse ruwan da ke cikinsa, sai ya bushe ya yi tauri. Ranar da zai fito sai ya fito da zafi, wani lokaci har da ɗan jini. Yaro ya ji zafi, gobe sai ya ƙara riƙewa, kashin ya ƙara tauri. Kin ga an shiga zagayen da kan ɗauki watanni ba a fita ba. Saboda haka ki ɗauke fo ɗin daga gabansa na mako ɗaya ko biyu, ki mayar masa da famfas ko nafkin ɗinsa ba tare da faɗa ba. Ki yawaita ba shi ruwa, da gwanda, da kankana, da lemo, da miyar ganye irin su alayyahu da zogale, da wake. Idan aka ƙara kwana ɗaya ko biyu bai yi ba, ko cikinsa ya kumbura, ko yana amai, maigida ya kai ku asibiti. Kada a yi masa ɗure, kada a tura masa sabulu ko wani haɗi ta dubura.

Na san wata kakar tana jina tana cewa, mu a zamaninmu tun jariri na wata 3 muke ɗora shi a ƙafa. Gaskiyarki Hajiya, kuma dabara ce mai kyau. Uwa ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora jariri a kai, tana yi masa 'yar ƙarar nan da baki har ya yi. A shekarar 1977 ma an buga wani bincike a kan mutanen Digo na bakin tekun Kenya, waɗanda ke yin irin wannan tun jariri na 'yan makonni, aka ga zuwa wata 5 ko 6 yaransu ba sa cika ɓata jiki. Amma a lura, a wannan hanyar uwa ce ke karantar ɗanta. Yana goye a bayanta, da ya motsa ta san abin da yake nufi. Babu duka a ciki, babu wa'adi. Yaron da kuwa ya shekara 2 cikin famfas bai saba jin jiƙa ba, ga shi ya kai shekarun "ba na so". Shi wannan sai an bi ta hanyar yardarsa. Wani likitan yara na Amurka mai suna Brazelton ya bi diddigin yara 1,170, ya fitar da sakamako a 1962. Shawararsa ita ce a jira alamun shiri daga yaro, kuma a matsakaici yaran sun kama tsaftar rana tsakanin shekara 2 zuwa 2 da rabi. Ashe ke nan ɗanki bai makara ba.

Waɗanne alamu ne za ki duba? Yaro ya kai awa 2 famfas ɗinsa a bushe, ko ya tashi barcin rana bai jiƙe ba. Yana tafiya da kyau, yana iya tsugunawa ya miƙe da kansa. Yana gane ɗan aike, kamar "ɗauko min buta". Yana nuna ƙyama idan ya ɓata jiki, ko ya zo ya ce miki "tutu". Yana ƙoƙarin zare wandonsa, yana kuma bin yayyensa yana son ya yi yadda suke yi. Yawancin yara suna nuna waɗannan tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa 3. Idan babu su, ki haƙura har ku dawo. Haka nan idan yaro ba shi da lafiya, ko ana tsakiyar yaye, ko an yi masa ƙani kwanan nan, kada a haɗa masa zafi biyu.

Idan kuwa alamun sun bayyana, kuma tsoron ya wuce, to mu matan da ke zaune a gida muna da wata dama da ma'aikaciya ba ta da ita. Yaro yana gabanki daga safe har dare. Maigida ya sayo fo mai faɗin gindi wanda ba ya kifewa, yaro ya zauna ƙafarsa na taɓa ƙasa. Kada a fara da masai. Ramin yana tsorata yaro, kuma wani bakin masan yana da faɗin da ƙafar yaro za ta iya zurmawa. Ki ajiye fo ɗin wuri guda a gefen tsakar gida, kusa da makewayi. Kwana 2 ko 3 na farko ya zauna a kai ko da wandonsa, don dai su saba. Daga nan ki cire famfas da rana, ki bar shi da ɗan wando mai roba ko 'yar riga kawai. Lokutan da suka fi dacewa su ne da ya tashi da safe, da bayan cin abinci da kamar minti 15 zuwa 30, domin shigar abinci ciki tana motsa hanji, sai bayan barcin rana, da kuma kafin kwanciya. Minti 3 zuwa 5 ya isa. In ya yi, ki yaba masa, ki ce "yauwa ɗan albarka", in babansa ya dawo a gaya masa a gabansa. In bai yi ba, ya tashi, ba komai. In ya saki a ƙasa, ki ce "fitsari a fo ake yi", ki wanke wurin, shi ke nan. Ki kuma ja kunnen yayyensa da sauran yaran gida, ban da tsokana, ban da yi masa waƙa.

A nan ne kuma za ki fara dasa masa tarbiyyar tsarki. Buta a hannun dama, wanki da hagu, ki riƙa yin addu'ar shiga banɗaki a fili yana ji. 'Ya mace a wanke ta daga gaba zuwa baya, don kada ƙazantar baya ta shiga mafitsara. Sannan ku wanke hannu da sabulu ku biyun. Wani kuskure da muke yi shi ne ɗaukar kashin yaro kamar ba ƙazanta ba ne, a watsa a kwata ko a bola. Yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa kamar na babba. A juye shi a masai, a wanke fo da omo, a kife shi a rana.

To ga ranar tafiya ta zo. Daga Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 600 ne, ta Wudil, Azare, Potiskum da Damaturu, yini guda ne a mota. Ko yaro ya fara kamawa, ki sa masa famfas don hanya, ki gaya masa wannan wandon mota ne. Ba ci baya ba ne. Ki ɗora shi a fo kafin ku fita, duk inda aka tsaya salla ko cin abinci ki sake gwadawa. Fo ɗin nasa ki sa a leda ki tafi da shi, domin yaro ya fi sakewa da abin da ya sani. A jakar hannu, ban da wadda za a ɗaure a but, ki zuba wanduna 4 ko 5, da zani, da ledoji, da sabulu, da gorar ruwa, da ledar shimfiɗa don katifar mutane. Ki riƙe ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, wato ORS, da ƙwayar zinc, saboda canjin ruwa da abincin biki kan kawo gudawa. Ƙunshin ana kaɗa shi ne a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, zinc kuma ana ba da shi kwana 10 zuwa 14.

Ga wani gargaɗi da nake so kowa ta riƙe. Wasunmu kan hana yaro ruwa tun daren tafiya, wai don kada ya dame su da fitsari a mota. Wallahi wannan ganganci ne. Yaro ƙarami cikin zafin mota jikinsa na saurin bushewa, ga taurin kashin da muka gama magana a kai. Gara ya jiƙa wando goma da ya galabaita. Iyayenmu maza da ke saurare, ku ma ga naku. Matarka ba za ta iya ɗaga murya cikin motar haya ta ce direba ya tsaya ba, kunya ba za ta bar ta ba. Kai ne za ka yi magana. In motarka ce, ka tsaya duk bayan awa 2 a cikin gari, kada ka ce sai an kai.

Idan kun isa, ki sa a ranki cewa zai iya komawa baya. Baƙon gida, hayaniya, baƙin fuskoki, ke kuma kina can wajen kamu da ɗaurin kai. Yaron da ya yi mako 2 bai ɓata ba sai ki ga ya saki a tsakiyar falo. Ki ɗauke shi, ki wanke, ki gyara wurin, kada ki dake shi don ki wanke kanki a idon mutane. Da kun sauka ki sami uwar mijinki ki ce, "Hajiya, jikanki yana koyon fo ne, ina zan ajiye masa?" Kin mayar da ita abokiyar aiki ke nan, kuma duk mai gori sai ta shafa wa bakinta mai. Facala in ta tanka, ki yi murmushi ki ce kowane yaro da ranarsa, haƙori ma ba rana ɗaya yake fito musu ba. Fitsarin dare kuwa kada ma ki sa shi a lissafi yanzu. Shi yana zuwa ne daga baya, kuma yara da yawa suna yi har shekara 5 ba tare da wata cuta ba.

Akwai dai abubuwan da ba a zama da su. Yaro yana kuka in zai yi fitsari, ko fitsarin da jini, ko da zazzaɓi. Yaro yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana yawan fitsari, yana ramewa. Ko wanda ya yi watanni da kamawa ya dawo yana saki ba dalili. Waɗannan sai ma'aikacin lafiya ya duba.

Saboda haka 'yar uwa mai wasiƙa, amsarki a taƙaice ita ce: ki fara warkar da tsoron da taurin cikin, ki duba alamu, in ya shirya ku fara a hankali, in bai shirya ba ki sayi famfas ɗinki ki tafi biki da farin ciki. Bikin kwana 10 ne, zai wuce. In kun dawo lafiya ki sake aiko mana, mu ji yadda aka kwashe.

A nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta ba maigida ko yaro wasiƙa ya kawo mana. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya shirya mana su, Ya kai matafiya lafiya. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa. Assalamu alaikum, a huta lafiya.