Ƙari a Tafin Ƙafa: Jawabi Ga Hakimai da Malamansu

Maganar da na kawo muku yau a kan wani ɗan ƙari ce da kan fito wa mutum a fata, wanda talakawa ba su ɗauke shi a bakin kome ba.

A cikin fatar kowane mutum akwai 'yan maɓuɓɓugan gumi fiye da miliyan 2, sun kuwa fi yawa a tafin hannu da tafin ƙafa. Wani lokaci ɗaya daga cikinsu takan yi tsiro. Irin wannan tsiro ba shi da yawa, kuma galibi ba ya yaɗuwa. Akwai wanda kan fito a tafin ƙafa, ja, mai saurin jini, likitoci suna kiransa foroma. A Amurka aka fara bayyana shi cikin 1956.

To, ga inda haɗarin yake. A wurin baƙar fata, mugun ciwon dajin nan da ake kira melanoma ya fi fitowa a tafin ƙafa, kuma da farko yakan yi kama da wancan. Ko ƙwararren likita ba ya rarrabe su da ido. Sai an yanke ƙarin, an sa shi cikin magani don kada ya ruɓe, an duba da madubin likita, kamar yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa cikin 1988.

Manomi a ƙasar Ɗambatta ko Bichi yakan ce ai ƙaya ce ta karye masa, ya tafi wurin wanzami. Wanzami ya yanke, ya binne naman, shaida ta tafi ke nan. In marar lahani ne, sai dai ya sāke tsirowa. In kuwa mugun ne, kafin a farga ya kai kwankwaso da huhu.

Saboda haka muna roƙonku ku umarci dagatai da masu unguwa su yi shela. Duk ƙarin da ke girma, ko yana jini, ko ya yi baƙi, ko gyambon da ya yi wata guda bai warke ba, a kai mai shi asibiti, kada a bari sai bayan kaka. Malamai kuwa su rubuta sunansa da ƙauyensa, a bincika ko ya koma ya ji sakamako.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ja zamaninku, amin.